Sunan da Bai Shiga Turmin Inna Ba

Ranar zaman gaisuwar surukata tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da limamin unguwa ya aiko da na gidansa. Mu masu bin Almasihu a Filinge ba mu da yawa, in muka taru gaba ɗaya inuwar bishiyar bedi guda ta ishe mu. Shi ya sa faston da ya zo daga Yamai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mata sun cika tsakar gida, maza sun cika waje har kan hanya, ya matso ya tambaye ni a hankali ko an haɗa da wani taron ne. Na ce masa a'a, duk na Inna ne, surukar tawa.

Kowa da irin gaisuwarsa. 'Yan'uwanmu na majami'a suna cewa ta huta a hannun Ubangiji, makwabta suna cewa Allah ya ba mu haƙuri. Ina kai wa maza ruwa a waje na tarar da ƙanen Inna, wani tsohon alhaji da ya taso daga ƙauyensu na wajen Tabla. Ya daɗe zaune bai san wace addu'a zai yi wa yayar da ta bar addinin gidansu ba. Can ya share ido da bakin rawani ya ce, "Allah shi yi mata yadda ta yi ma mutane." Fasto ya ce amin, liman ma ya ce amin.

Matar liman ce ta fasa mana kuka. Ita ce ƙawar Inna tun suna da ƙarfinsu, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ta shigo ba ta gaida kowa ba, ta wuce kai tsaye inda aka kifa turmi a gindin zana, ta dafa shi ta ce, "To, yanzu wa za shi sa mu cikin turmi?" Sai matan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya. Baƙin Yamai suka bi mu da ido, ba su gane ba. Don su da irinsu nake wannan rubutu, da kuma jikokinta da za su taso ba su ji dakanta ba.

Da kuka ya lafa tsofaffi suka shiga yabonta. Wata ta ce, "Mace ta mai kunya. Ta yi zamanta ta tahi, bakinta bai taɓa kiran sunan ɗanta na hwari ba." Duka suka gyaɗa kai. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Sai dai ɗan farin nan shi ne mijina, kuma na san abin da kunyar nan ta ci masa, don haka na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba fura.

Ni 'yar Dogondutse ce. Aikin koyarwa ya kawo ni lakkwal, wato makarantar boko, a Filinge, aure ya zaunar da ni. A gidan babana addu'ar safe zama ake yi, a rufe ido, a buɗe Littafi Mai Tsarki. Washegarin da aka kawo ni na tashi na zauna bakin gado zan yi yadda na saba, sai na ji daka a tsakar gida, da wata murya tana bin taɓarya. Na leƙa. Inna ce, 'yar siririya, zane ɗaure a ƙirji, tana surfen hatsi. Ta ɗaga ta sauke ta kira sunan mutum ta ce Ubangiji, ta ɗaga ta sauke ta kira wani. 'Ya'yanta, jikokinta, mai ciwon ƙafa na bayan kasuwa, matar da ta yi ɓari, samarin da suka tafi bida, wato ci-rani, can Kurmi ba labari, har shugaban ƙasa, wanda ta ce shi ma ɗan wata ne. In ciwon mutum ya yi tsanani, ko laifinsa ya yi yawa, sai ta jera masa taɓarya kafin ta wuce na gaba. Akwai wani dillalin awaki da ya taɓa cutarta, shi kam kullum sai hatsi ya kusa zama gari a kansa.

Ba ta iya addu'ar zaune ba, ita da bakinta ta faɗa. "In na zamna na ruhe ido, kwana ka ɗaukata, ko in tuna akuya ba ta sha ruwa ba. Amma in hannu na aiki, zuciya ba ta yawo."

Unguwa duk ta san da wannan. Mace sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Tsohuwa, jikana na zawo, ki sa min shi cikin turmi." Inna ta tambayi sunan yaron, gobe ka ji shi tsakanin nata jikokin. Ba su ce sun bi addininta ba, ita ma ba ta tsare kowa da wa'azi ba. In azumi ya kama, ita da ba ta yi ita ce ke da sauran ƙarfi da la'asar, sai ta tsallaka ta daka wa matar liman gumbar buɗa baki, tana yi tana jero sunayenta a gidan liman. Shi kuwa liman sai ya yi kamar kunnensa ya yi nauyi.

Yadda ta shigo bangaskiya ma ta hanyar aiki ne. Surukina mai allurar dabbobi ne, ya taɓa kwanciya jinya a wani asibitin mishan can gabas, ya dawo da lafiya da sabon addini. Dangi suka ce ta fito, ta ƙi. Suka ce to ta zauna amma kada ta bi shi, ta yi shekaru ba ta bi ba. Wata rana tana wanke-wanke ta ji yana karanta wa baƙi cewa Almasihu ya yi misali da mace mai shara, ya yi da mace mai kwaɓa gari. Ta ce a ranta, wannan ya taɓa tsayawa kusa da murhu, ya san aikin mata. Daga nan ta fara kasa kunne. Da mijin ya rasu dangi suka zo da tsammanin za ta koma, ta dafa musu tuwo suka ci, ta raka su bakin ƙofa.

Kowane aiki da karatun da take ciro masa. In ta ga ina mita a kan shara, ga iska ta maido min da abin da na share, sai ta ce, "Kullum kina share ta, kullum tana komowa. Ba ki hushi da ita, ki sake ɗaukar tsintsiya. Hakanan Allah ka yi da mu." Na taɓa bin ta gona lokacin sussuka. Muka ɗaga ƙwarya za mu yi shiƙa, iska ta ɗauke cak. Ni da na saba da ƙararrawar lakkwal na fara girgiza ƙwarya ina zuba hatsi da ƙaiƙayinsa. Ta bar tata a sama, ta ce, "Madam, ɗagawa ɗai ta tamu. Iska tashi ta, ba a yi mata tsawa." Madam take ce min tun ranar farko, don matar ɗan fari ma ba a kiran sunanta, kuma don ta ji daɗin tsokanata.

Faɗanmu na farko a kan inji ne. Na ga tsohuwa tana wahala, na kwashe hatsin gida gaba ɗaya na aika injin niƙa ban gaya mata ba, ina jiran a sa min albarka. Ta fito da safe ta tarar da gari cike da ƙwarya, ta tsaya a kansa kamar an yi mata sata. Ba ta dube ni ba. Inna in za ta yi min faɗa ko ta roƙe ni wani abu, ba ta yi kai tsaye, akuyarta take gaya wa ina tsaye. Ta juya wajen turke ta ce, "Ke akuya, kin ji? An kai mutanena ga inji. Inji ya san sunan wa?" Ranar ta wuni tana kai da kawo ba ta san inda za ta sa kanta ba. Daga baya muka raba gari: na tuwo ya tafi inji, surfe da hatsin fura suka zauna a turminta.

A cikin sunayen nan duka akwai wanda ban taɓa ji ba. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce, uwata ma ta yi wa yayana. Amma ta Inna irin ta Kurfayawan da ce, mutanen ƙasar Filinge, wadda ba ta da sassauci. Tana yarinya ta haifi mijina, ana yaye shi uwarta ta ɗauke shi zuwa ƙauye kamar yadda aka saba. Da surukina ya canza addini sai kakar ta riƙe yaro ta ce ba za ta ba da shi gidan Nasara ba. Bai dawo ba sai da ta rasu, lokacin har ya iya kiwo. Ya tarar da ƙanne a kan cinyar uwarsa ana kiran sunayensu ana yi musu wasa. Shi Yaya yake ce mata, ita kuwa in za ta ambace shi sai ta ce wancan. In ya zo gaisuwar safe, bango take kallo ta amsa. Tuwonsa ya fi na kowa nama, rigarsa ba ta kwana da datti, amma ido da suna babu.

Ya girma ya gaji aikin ubansa, shi ke duba lafiyar shanu a kasuwar Baleyara. Kasuwar ranar Lahadi take ci, saboda haka ya samu dalilin rashin zuwa sujada, kuma na san da ya so da ya nemi canji ko sau ɗaya a wata. Mutum ne mai shiru, ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Wata safiya muna ɗaki yana shan shayi Inna tana daka, na ga ya ajiye kofi yana saurare. Ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya har taɓarya ta tsaya. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Har jakin makwabci da ya yi targaɗe ya shiga turmin ga."

Na ce, "Kai ma ka san kunya ce."

Ya ce, "Na san kunya. Amma macen da ta iya barin addinin ubanta, dangi na zaginta ta daure, wagga ɗai ta gagare ta? An ba da ni na, ba a amso ni ba." Ya ɗauki hula zai fita, ya tsaya a ƙofa ya ƙara da cewa, "In uwata ba ta iya hwaɗa ma Allah sunana, ni ƙaƙa za ni hwaɗa mai?"

Maganar nan ta tsaya min a rai. Mutum da furfura a gemu, 'ya'yansa sun kai aure, yana kasa kunne kowace safiya ko yau za a kira shi. Na so shi, na so ta, kuma na rasa ta inda zan ɓullo, don suruka ba ta shiga tsakanin uwa da ɗanta na fari.

Ana nan wata Lahadi dattijon da ke mana wa'azi ya ce yau majami'u a wurare da yawa suna addu'a domin mutanen duniya da ba su iya karatu ba, na kusa da na bayan teku, waɗanda ko an ba su Maganar Allah a hannu sai dai su riƙe ta kamar dutse. Kowa ya sunkuya. Na saci kallon Inna na ga idonta buɗe. A hanyar gida ta ce, "Madam, waɗanga da anka yi ma addu'a, har da wa da wa?"

Na ce, "Har da na Filinge, Inna."

Ta tsaya ta yi dariya har tana dafa gwiwa. "Ashe ina zamne ana yi min addu'a kamar na mutu." Da muka isa gida ko zanen sujada ba ta cire ba ta wuce wajen turke. "Ke akuya, addu'ar da amsarta ke kwana cikin gida, ai abin kunya na a kai ma Allah ita."

Na gane, amma aikin ba mai sauƙi ba ne. Ba zan zaunar da surukata a gabana kamar 'yar aji ɗaya ba, ba zan iya duban idonta in ce ta yi kure ba. Sai na ɗauki gawayi na rubuta baƙaƙe manya a bangon madafa, daidai inda take fuskanta in tana daka. Da yamma in zauna ina rera su da ƙarfi, wai ina shirya darasin gobe. Da safe sai ka ji ta gama sunaye ta shiga ba, be, bi, bo, bu, kowanne da taɓaryarsa. In ta rikita wani da wani, ni ma sai in juya wajen turke in ce, "Ke akuya, sake dubawa, wannan cikinsa gaba yake kallo." Inna ta ce, "Akuya ta ji." Baiwar Allah akuyar nan ta sha faɗan da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

An sha damina an sha rani kafin baƙaƙen su yarda su haɗu mata. Da suka haɗu kuwa ba wanda ya huta. Buhun shinkafa, kwalin magani, allon bakin tasha, rubutun bayan kamyo mai ɗaukar kaya, duk sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi, ko da kuwa Faransanci ne, ta karanta shi da Hausa ta ce masu rubutun ba su iya ba. Aka samo mata Littafi mai manyan baƙaƙe. Ranar da ta fara karatu a gaban jama'a ta ɗora yatsa a layi tana ja kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. Yara suna ƙunshe dariya, manya suna taya ta da leɓe. Ba ta yarda an taimake ta ba. Da ta kai ƙarshe ta rufe, ta dubi dattijon ta ce, "To, a hidda ni cikin waccan addu'a, a sa wani."

Ba ta manta da waɗanda ta baro a can ba. Ta ba su aikin tsintar wake. Duk ranar da za a dafa sai ta baza shi a faifai tana fidda tsakuwa tana roƙa wa marasa karatu na duniya, tsofaffi irinta musamman, Allah ya sa akwai Madam a gidajensu. Ta tambaye ni sunayen ƙasashe, in faɗa ta kasa maimaitawa, ta ce ba komai, wanda ya yi su ya san su.

Faɗanmu na biyu shi ne babba. Mijina ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, har lokotoron asibiti ya ce in bai sauka ba a wuce da shi Yamai. Inna ta tashi tun da sassafe tana daka masa hatsin kunu, don ba ta yarda wani hannu ya taɓa ba. Ƙofar ɗaki a buɗe, yana kwance idonsa biyu. Sunaye suka wuce duka, nasa babu. Na ga ya juya fuska ga bango. Ban san lokacin da na fita ba, kuma wannan karon ban nemi akuya ba.

Na ce, "Inna, ɗanki yana kwance, yana ji."

Ba ta daina daka ba. Ta ce, "Allah ya san wanda nika nuhi."

Na ce, "Allah ya sani. Shi ne bai sani ba."

Ta jingine taɓarya ta shige ɗakinta. Har yau ban yi nadamar maganar ba, amma na sha wuyarta. Kwanaki ba ta ce min ci kanki ba, dakanta kuma ya koma ba murya, har matar liman ta leƙo tana tambaya ko tsohuwa lafiya. Allah ya sa zazzaɓin ya sauka. Sai wata rana ina wanki ta zo ta tsaya a bayana, ta yi magana ba tare da na juyo ba.

"Na gwada, Madam. Ni kaɗai cikin gona na gwada, halshena ya ƙi. Ranar da anka ɗauke shi na bi su ina kira, uwata ta juyo ta ce in ta sake jin sunan ga a bakina na kunyata gidanmu. Na haɗiye shi. Ya zamna nan, yanzu ba shi hitowa."

Da na juyo na ga hannunta a maƙogwaro. Na gaya wa mijina da yamma. Ya saurara ya ce, "Kina lallashina na," ya ci gaba da gyaran fitilar babur ɗinsa. Na yi fushi da su duka biyu, uwa da ɗa, taurin kai iri ɗaya.

Bayan wannan ne ta ce wa akuya tun da karatu ya zauna, ko rubutu ma yana yiwuwa. Alƙalami ya ƙi hannunta, yatsun da suka shekara riƙe da taɓarya ba su lanƙwasuwa. Sai ta koma yi da yatsa a ƙasa, ta kwaikwayi na bango ta shafe. Ban kawo komai a raina ba. A lokacin ƙarfinta ya fara tafiya. Taɓarya ta yi mata nauyi, tsintsiya ma ta gagara, aikin da ya rage mata shi ne ta zauna a tabarma da 'yar tsumagiya tana korar kaji in na shanya gari. Ta ce wannan ma aiki ne, kowace kaza da wanda take roƙa wa a tsare shi daga mugun abu.

Wata Lahadi bayan kaka na shanya garin tuwo a manyan faya-fayai, tana zaune a gefensu. Mijina ya tada babur a ƙofar gida ya bar shi yana ƙugi, ya shigo ya durƙusa daga nesa yadda ya saba.

"Yaya, an kwana lahiya? Za ni Baleyara."

Ta ce, "Tsaya."

Ya waiwayo ya dube ni, yana zaton da ni take. Ta jawo faifai ɗaya gabanta, ta shafe garin da tafin hannu ya kwanta, ta kafa yatsa. Baƙin farko ya fito ƙato har ya cinye rabin faifai. Ta ga wuri ba zai isa ba, ta yi tsaki, ta shafe ta sake. Tana yi tana cije leɓe. Mijina ya matso yana kallo, ina ganin tsammaninsa tsohuwa za ta nuna masa ta iya ne ya yaba ya wuce. Da baƙi na uku ya fito sai na ga ya cire hula. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, ni ma matarsa ce, amma ya fito cikakke, karkatacce, ba ko ɗaya da ya ɓace.

Ta dafa gefen faifan da hannu biyu, ta ɗaga kai sama, ta yi magana da muryar nan tata ta daka.

"Ubangiji, ga shi. Wanga na. Kullum da shi nika hwarawa, taɓaryar hwarko wadda nika saukewa bakina ruhe tashi ta. Kai ka sani, shi bai sani ba, in ji Madam. To yau ga shi ya gani."

Shekaru ina jin dakan nan ban taɓa lura ba. Mijina ya zauna daɓas a ƙasa da wandon aikinsa, yana kallon gari. Babur ya yi ta ƙugi a waje har ya mutu don kansa. Wata kaza ta lallaɓo, ya miƙa hannu ya kore ta, wata ta zo ya karɓi tsumagiyar daga hannun uwarsa. Ranar shanun Baleyara ba su ga mai duba su ba, mu ma ba mu je sujada ba. Ya wuni a nan gefenta yana korar kaji, hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

Da rana ta karkata na zo ɗibar gari. Na kwashe sauran faya-fayan na bar wannan. Inna ta ce, "Madam, ɗauka ki tuƙa." Mijina ya kare faifan da hannu ya ce a bar shi. Ta ce, "Gari na tuwo na. An riga an kai, an gani. Ki tuƙa mai shi ci."

Na tuƙa shi daban a ƙaramar tukunya, na yi miyar kuka, na kawo masa nan inda yake zaune. Ya wanke hannu ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi, ya daɗe har tuwon ya fara hucewa. Sannan ya ci. Inna ta juyo gaba ɗaya ta zuba masa ido yana ci, ba ta kau da kai ba har ya suɗe kwanon.

Ba ta ga wata damina ba. Ubangiji da ya san sunanta tun kafin a raɗa mata shi, ya kira ta da shi a fili, ya ba hannuwanta hutu.